Ƙwai, Madubi da Bashin Iblis: Tambayoyi da Amsoshi kan Fim ɗin Angel Heart

Wannan shafi na waɗanda suka kalli Angel Heart ne suka tashi da tambayoyi cike da baki, da kuma waɗanda ba su da niyyar kallonsa amma suna son sanin abin da Turawa ke nufi in sun ce wani ya sayar da ransa ga Shaiɗan. Gargaɗi biyu tun kafin a yi nisa. Za a tona ƙarshen labarin baki ɗaya, don ba a iya maganar alamominsa ba tare da haka ba. Sannan fim ne mai jini da tsiraici, ba na kallo da yara ko a gaban manya ba, kuma wanda ya zaɓi ya bar shi zai fahimci duk abin da ke ƙasa.

Wane fim ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

Ya fito a Amurka a 1987. Daraktansa Alan Parker, mutumin Birtaniya, shi ya rubuta tsarin labarin daga littafin Falling Angel na William Hjortsberg, wanda aka buga a 1978. Mickey Rourke ne jarumin, ya fito a matsayin Harry Angel. Robert De Niro ya fito a Louis Cyphre, Lisa Bonet a Epiphany Proudfoot, Charlotte Rampling a Margaret Krusemark. Bai yi wata kasuwa ba lokacin fitowarsa. Sunansa ya girma ne daga baya, a hannun masu sake kallo.

A taƙaice, mene ne labarin?

A 1955, a birnin New York, akwai Harry Angel, mai bincike mai zaman kansa, irin wanda ke cin abinci da ƙananan ayyuka na rikicin aure da na inshora. Wani lauya ya haɗa shi da attajiri mai suna Louis Cyphre, wanda ke neman wani mawaƙi, Johnny Favorite. Cyphre ya ce shi ya taimaki mawaƙin ya yi suna kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma akwai yarjejeniya tsakaninsu da jingina da za a karɓa in ya mutu. Johnny ya je yaƙi, ya dawo da rauni a fuska da kai, ya manta kowa da komai, aka kwantar da shi a wani asibiti a garin Poughkeepsie, arewa da birnin New York. Yanzu shekara 12 ke nan, kuma Cyphre na zargin ba ya can.

Harry ya bi sawu daga New York har New Orleans. Da yawa daga waɗanda ya yi hira da su, ba a jimawa sai a tsinci gawarsu: likitan da aka ba dala 25,000 ya riƙa rubuta ƙarya a takardun asibiti, tsohon makaɗin jita Toots Sweet, tsohuwar budurwar Johnny wato Margaret, da mahaifinta Ethan Krusemark. Kafin Ethan ya mutu ya fasa ƙwai. Johnny ya sayar da ransa don ya yi suna, da ya ga wa'adi zai zo sai ya nemi hanyar zillewa. Ya samo wani tsafi a tsohon littafi, suka ɗauko wani matashin soja sa'ansa daga dandalin Times Square, ya tsaga ƙirjinsa ya ci zuciyarsa don ya saci ransa ya ɓuya a cikinsa. Kafin ya gama shirin komawa sabon suna aka ɗauke shi aikin soja, rauni ya shafe masa tunani. Sunan sojan da aka yanka Harry Angel. Mai neman shi ne wanda ake nema, kuma hannunsa ne ya kashe duk mutanen nan.

Shin Louis Cyphre shi ne Iblis? Me ya sa ya zo da kwat da lauya?

Shi ne. In an faɗi sunan da sauri yana fita kamar Lusifa, sunan da Kiristoci ke kiran Iblis da shi, kuma fim ɗin bai wahalar da kansa wajen ɓoyewa ba. Mai kallo kan gane tun a zama na farko. Harry ne kaɗai bai gane ba, kuma wannan da gangan ne.

Babu ƙaho, babu wutsiya. Akwai baƙar kwat, sanda, zobe, gemu a gyare, da farata masu tsawo waɗanda ke ƙara tsawo duk lokacin da muka sake ganinsa. Yana magana a hankali, ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa. Siffar mai bin bashi ce aka ba shi, wanda takardarsa ke hannu kuma ya san kotu tasa ce. Wurin da yake zama ma abin lura ne: haɗuwar farko a saman wani coci a unguwar Harlem, inda a ƙasa wani fasto ke gaya wa talakawan mabiyansa cewa in suna son sa su saya masa mota Rolls-Royce. Wata haɗuwar kuma a cikin coci a New Orleans. Parker na nuna cewa ginin ibada ba ya korar Shaiɗan in ciniki ake yi a cikinsa.

Mene ne ma'anar ƙwan da ya ci?

Wannan ce fitowar da kowa ke tunawa, kuma ta cancanta. Suna zaune a wani gidan abinci na Italiyawa. Harry ya zo ya ce ya fasa aikin, tunda an kashe likita kuma yana tsoron a ɗora masa. Cyphre na sauraro yana murza dafaffen ƙwai a kan faranti har ɓawon ya farfashe, ya sa dogayen faratansa yana ɓarewa a hankali. Ya ƙara wa Harry kuɗi zuwa dala 5,000. Ya ce wasu addinai na ɗaukar ƙwai a matsayin alamar rai. Ya yi masa tayi, Harry ya ƙi. Sai ya barbaɗa gishiri, ya gatsa, idonsa cikin idon Harry.

Ma'anar da ke sama a fili take: mai cin rayuka ne, kuma ya nuna wa abincinsa yadda zai ci shi. Amma ni ɓarewar ta fi cin muhimmanci a wurina. Ƙwai abu ne mai ɓawo, kuma Harry Angel ɓawo ne da aka lulluɓe Johnny da shi: sunan wani, tunanin wani, fuskar da likitoci suka sake ɗinkawa. Abin da Cyphre ya yi wa ƙwan cikin minti biyu shi yake yi wa mutumin a tsawon fim ɗin. Bai fasa shi da ƙarfi ba. Ya murza shi ne a hankali, shaida bayan shaida, gawa bayan gawa, har ɓawon ya saki da kansa.

A lura kuma da abin da ya faru a wannan teburin. Harry ya zo da niyyar tafiya, aka ƙara kuɗi, ya zauna. Mutumin da ya manta ya taɓa sayar da kansa ya sake sayar da kansa ga mai sayen farko, a farashi mai rahusa. Hali bai tafi tare da tunani ba.

Akwai ɗan abu ƙarami da yawanci ba a kula da shi. Da gishiri ya watsu, Harry ya tsinci kaɗan ya jefa ta bayan kafaɗarsa. Camfin Turawa ne cewa yin haka na makantar da Shaiɗan da ke laɓe a bayan mutum. Yana jifa ta baya, alhali wanda yake tsoro na gabansa, shi ke biyansa.

To me ya sa Harry ke tsoron kaji?

Fim ɗin bai bayar da dalili a baki ba. Sau da yawa yana cewa ba ya son kaji, sai ga shi a Luwiziyana, jihar da New Orleans take, inda ake yanka su a wurin bauta. Abin da ya fi dacewa da labarin shi ne jikinsa na tuna abin da ƙwaƙwalwarsa ta manta: wuƙa, yanka, jinin hadaya. Haka yake da wata tsohuwar waƙa da ke yawo a kansa, yana taɓa ta a fiyano bai san inda ya koye ta ba. Waƙar Johnny ce.

In Iblis ya san inda Johnny yake, me ya sa ya ɗauki mai bincike?

Nan ne zuciyar fim ɗin. Cyphre bai taɓa ɓatar da Johnny ba. Tsafin da aka yi don a yaudare shi bai yaudare shi ko na yini ɗaya ba. Wanda aka yaudara shi ne Johnny kansa. To abin da Cyphre ke so ba adireshi ba ne. So yake mai bashi ya san ana binsa bashi. Me zai yi da mutumin da ya yarda har zuciyarsa cewa shi wani talakan Brooklyn ne da bai taɓa cutar kowa ba? Hukunci ba ya cika sai wanda ake yi wa ya san laifinsa. Don haka ya sa shi ya tono kansa da hannunsa, ya kuma biya shi lada a kan haka.

Wannan ya juya tsarin labaran bincike da Amurkawa suka saba da shi tun shekarun 1940, inda jarumi ke bin gaskiya kuma gaskiyar ta zama nasararsa. A nan kowace gaskiya da Harry ya gano mataki ce zuwa ƙasa. Ba Parker ya ƙirƙiro wannan ba. Tsohon labarin Girkawa na sarki Oedipus haka yake: sarki ya rantse sai ya gano wanda ya jawo wa gari annoba, bincike ya kai shi ga kansa. Cyphre ma a zaman ƙarshe ya jawo magana daga wannan wasan kwaikwayon na Sophocles, marubucin Girka na dā, mai cewa sani masifa ne in bai amfani mai shi ba. Kuma kamar Oedipus, laifin ya shiga har cikin gida: Epiphany, yarinyar da ya haɗu da ita a Luwiziyana, 'yar cikinsa ce, kuma ita ce gawa ta ƙarshe.

Wane ne ya yi kisan, Harry ko Cyphre?

Cyphre ya amsa wannan da bakinsa: hannun Harry ne ya kashe su duka, shi kuwa ya yi jagora. Ba mu taɓa ganin Iblis ya ɗaga wuƙa ba. Kuma in an duba jerin waɗanda suka mutu, duk mutanen da za su iya gane Johnny ne. Wani ɓangare na mutumin yana tono gaskiya, wani ɓangaren yana bin baya yana toshe bakin shaidu. Johnny bai mutu a cikin Harry ba. Yana nan yana ci gaba da abin da ya saba, wato kare kansa da ran wani.

Me ya sa zuciya ce aka ci? Wannan ba maita ba ce?

Bahaushe ba zai rasa tuna maita a nan ba, kuma kamar ta kai a faɗa. A tsohon tunanin Hausawa maye kan kama kurwar mutum ya ɓoye, mai ita ya riƙa ramewa, in ba a ƙwato ba ya cinye ta mutum ya mutu. Wato kurwa abu ce da ake iya raba ta da mai ita, a riƙe, a ci. Tsafin Johnny na tafiya kan wannan tunanin, sai dai manufarsa daban ce. Shi ba yunwa ta kai shi ba. Mafaka yake nema, yana son ya sa ran wani kamar riga.

Zuciya kuwa domin al'ummu da yawa sun ɗauke ta mazaunin mutum na ainihi. Fim ɗin ya riƙe wannan alamar har ƙarshe. Ana jin bugun zuciya a ƙarƙashin kiɗa duk lokacin da tunani ke neman dawo wa Harry. Margaret, wadda ta tsaya a ɗakin ranar da aka yanka sojan, an same ta an cire mata zuciya. Abin da ta taya a yi wa ɗan mutane shi aka yi mata.

A ƙarshe ran wa aka tafi da shi? Harry ai bai yi laifi ba.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ke nan, kuma ita ta sa fim ɗin ke bin mutum gida. Wanda muka zauna da shi kusan awa biyu yana da kirki daidai gwargwado. Yana tausayin mutane, yana tsorata, gawa na tayar masa da hankali. Da ya fasa tulun da ke ɗakin Margaret ya ga ƙarfen shaida na soja da sunansa a jiki, ya tsaya gaban madubi yana kuka yana maimaita cewa shi ya san ko shi wane ne. Ba ƙarya yake yi ba. Iya saninsa ke nan.

Amsar fim ɗin mai tsauri ce: jikin na Johnny ne, ran na Johnny ne, alkawarin na Johnny ne. Kirkin da muke gani kayan sata ne. Ainihin Harry Angel matashi ne da ya fito kallon bikin sabuwar shekara aka yaudare shi zuwa ɗakin otal. Ko fuskarsa fim ɗin bai ba mu sosai ba, sai ƙeyar soja a cikin taro yana shirin waiwayowa. Shi ne wanda aka zalunta, kuma babu mai neman haƙƙinsa a duk labarin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: tausayin da ya kamata mu ji wa mamacin, wanda ya kashe shi ne ke karɓa, don yana sanye da halinsa.

Abin da na ɗauka a matsayin maganar fim ɗin shi ne mantuwa ba tuba ba ce. Johnny bai taɓa nadama ba. Bai nemi gafara ba, bai mayar da haƙƙi ba. Ya dai daina tunawa. Shekara 12 yana barci lafiya, bashin na nan inda yake. Kuma mutum ba ya buƙatar bam ya fashe kusa da kansa kafin ya yi wannan. Akwai masu canza gari, su canza suna da abokai, su gina sabon mutunci a kan abin da suka binne, har su da kansu su yarda da sabon labarin.

Abu na biyu, cinikin da aka ce na rai ɗaya ne bai tsaya kan rai ɗaya ba. Johnny ya jinginar da nasa, amma soja ya biya, likita ya biya, masoyiyarsa ta biya, 'yarsa ta biya. Masu kallon finafinan kudancin Najeriya sun san wannan lissafin tun Living in Bondage na 1992, inda mai neman kuɗin tsafi ya bayar da matarsa. Ba a taɓa yin irin wannan ciniki mai shi kaɗai ya ɗauki asarar ba.

Fanka, madubi da lif da ake ta nunawa fa?

Fanka na fitowa dab da kowane kisa, tana juyawa, ta rage gudu, wani lokaci ta koma baya. Asalinta fankar tagar ɗakin otal ɗin da aka yi yankan ce. Alama ce cewa Harry zai kau, Johnny zai fito.

Madubi shi ne inda tunaninsa ke tsagewa. Duk sanda ya kalli fuskarsa sai guntayen hotuna su taso masa. Har ya kai ga naushin madubi ya fasa. Mai bincike ne da ke nuna wa kowa hoton wanda yake nema, shi kuwa ba ya iya jure kallon kansa.

Lif ɗin mai ƙofar ƙarfe kullum ƙasa yake yi. Da 'yan sanda suka same shi kan gawar Epiphany, ɗaya ya ce masa zai ƙone saboda wannan, yana nufin kujerar lantarki da ake kashe masu laifi da ita. Harry ya amsa cewa ya sani, a wuta. Sunayen ma'aikatan fim na wucewa, ana nuna shi tsaye cikin lif yana ta sauka.

Daga ina Turawa suka samo labarin sayar da rai?

Ya girmi sinima da fiye da shekara dubu. Akwai tsohuwar ƙissar Kiristoci ta Theophilus, wani ma'aikacin coci a Adana, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ake dangantawa da ƙarni na 6. An ce ya rubuta wa Shaiɗan takarda don ya sami muƙami, daga baya ya yi nadama, ya yi azumi da kuka, Maryamu ta ƙwato masa takardar.

Wanda ya fi shahara shi ne Faust, malamin Jamus. An buga littafin labarinsa a Frankfurt a 1587. Ba da jimawa ba Christopher Marlowe na Ingila ya mai da shi wasan kwaikwayo: malami ya sa hannu da jininsa, aka ba shi shekara 24 na ilimi da iko, daren ƙarshe yana roƙon agogo ya tsaya, shaiɗanu suka zo suka tafi da shi. Goethe ya sake rubuta labarin, kashi na farko a 1808, na biyu a 1832, shi kuma ya bar mala'iku suka kuɓutar da ran Faust. Kayan aikin dai ba sa canzawa: buri, takarda, wa'adi, da yunƙurin zillewa. Abin da Angel Heart ya ƙara shi ne ya fara labarin bayan an gama cin moriyar. Ba mu ga Johnny a kan dandamali ana masa tafi ba ko sau ɗaya. Ranar biya kawai aka nuna mana. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Me ya sa mawaƙi aka zaɓa?

Domin makaɗa ne aka fi jefa da wannan zargi. An yi wa Paganini, gwanin gogen Turawa ɗan Italiya da ya rasu a 1840. An yi wa Robert Johnson, makaɗin jita baƙar fata na Mississippi da ya rasu a 1938 yana da shekara 27, aka ce a mararraba ya haɗu da Shaiɗan da tsakar dare. Jita-jita ce da mutane ke ƙirƙira in gwaninta ta fi ƙarfin fahimtarsu, kuma zalunci ce ga wanda ya kwana yana koyo. A cikin fim ɗin, Brownie McGhee, wanda ya fito a Toots Sweet, makaɗin bulus ne na gaske, wato kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka.

Fim ɗin na cewa addinin vudu bautar Shaiɗan ne?

In an bi labarin da kyau, a'a. Vudu na Luwiziyana ya samo tushe daga addinan gargajiya na Afirka ta Yamma da bayi suka tafi da su, ya cakuɗa da Katolika, ya ƙara ƙarfi da zuwan masu gudun hijira daga Haiti a farkon ƙarni na 19. Harry na zargin masu ganguna da yankan kaji, amma sharrin na gidan Krusemark ne, farar fata masu dukiya, kuma tsafin Johnny daga tsohon littafi ya fito. Epiphany ma ta gaya masa cewa su ba sa kashe mutane.

Duk da haka ban wanke Parker ba. Kyamararsa ta ci riba da tsoron da Bature ke yi wa baƙar fata masu rawa cikin dare, ta nuna bautarsu a matsayin abin ƙyama da sha'awa a lokaci guda. Labarin ya ce ba su da laifi, hoton kuwa ya bar mai kallo da zarginsu. Ɗan Afirka da ya kalla yana da haƙƙin jin haushin wannan.

A Musulunci, mutum na iya sayar wa Shaiɗan ransa?

Ba ta yadda fim ya nuna ba. Rai ba mallakar mutum ba ne balle ya sa shi a kasuwa, kuma Suratul Isra'i aya ta 85 ta ce ruhi na daga al'amarin Ubangiji. Iblis ba shi da wuta tasa da yake tara mutane a ciki. Shi ma wanda za a hukunta ne. A Suratu Ibrahim aya ta 22 an ba da labarin abin da zai faɗa bayan an gama hisabi: Allah Ya yi muku alkawarin gaskiya, ni ma na yi muku na saɓa, ba ni da wani iko a kanku sai dai na kira ku kun amsa, kada ku zarge ni, ku zargi kanku. Wannan ya sha bamban da Cyphre, wanda ke cika alkawari kuma yake karɓar jingina kamar mai haƙƙi.

Amma harshen ciniki yana nan a Alƙur'ani. A Suratul Baƙara aya ta 102, kan masu koyon sihiri, an ce tir da abin da suka sayar da kansu da shi. A Suratut Tauba aya ta 111 an ce Allah Ya sayi rayuka da dukiyoyin muminai da Aljanna. Duk wanda ya yi Arba'una Hadisi zai tuna hadisi na 23, inda aka ce kowane mutum na wayar gari yana mai sayar da kansa, ko ya 'yanta ta ko ya halaka ta. Bambancin shi ne a nan ba sa hannu ɗaya ba ne a dare ɗaya. Ciniki ne na kowace safiya, kuma kasuwar ba ta tashi sai ran mutuwa.

Me ya sa ba a ba Harry damar tuba ba?

Wannan ne babban saɓanina da fim ɗin. Theophilus ya tuba an karɓa. Faustus na Marlowe an yi ta kiransa ya tuba har daren ƙarshe, shi ne ya yanke ƙauna. A Angel Heart ba a ma buɗe ƙofar ba. Akwai coci, akwai mata masu zaman zuhudu, akwai gicciye a bango, amma babu rahama ko ta ƙwayar zarra. Duniya ce mai Iblis a cikinta, Allah kuwa an yi shiru da zancensa. Lokacin da Harry ya san laifinsa, wanda shi ne lokacin da tuba ke iya farawa, nan aka rufe littafi.

Na san dalilin. Tsoron fim ɗin ya dogara ne kan rashin mafita, in aka buɗe taga iska za ta shigo ta kashe shi. A matsayin fasaha ya yi daidai. A matsayin bayani kan ɗan Adam kuwa ya gaza, ga Musulmi da Kirista duka. Mai karanta aya ta 53 a Suratuz Zumar, wadda ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, zai ga cewa fim ɗin ya ba Iblis abin da bai taɓa mallaka ba, wato kalmar ƙarshe.

Yaron da idonsa ya yi haske a ƙarshe fa?

Ɗan Epiphany ne, jikan Johnny. Idonsa ya koma rawaya kamar yadda na Cyphre ya yi, ya nuna Harry da yatsa. Ana nufin abin ya shiga zuri'a. A ganina wannan ce fitowa mafi rauni. Fim ɗin da ya tsoratar da mu da dafaffen ƙwai ba ya buƙatar ido mai walƙiya, kuma ɗora wa jariri alamar laifin kakansa ya saɓa wa abin da labarin ya gina, cewa kowa da hannunsa ya sa hannu.

Akwai bambanci tsakanin littafin da fim ɗin?

Akwai. A littafin komai a New York ya faru, a 1959, kuma Harry ne ke ba da labarin da bakinsa. Parker ya mayar da shekarar 1955, ya kwashe rabin labarin zuwa New Orleans, inda zafi, gumi da ruwan sama suka maye gurbin sanyin arewa, ta yadda tafiyar kanta ta zama gangara zuwa wuri mai zafi. Kafin a sake shi, hukumar tantance finafinai ta Amurka ta ba shi tambarin X, wato na manya zalla, sai da aka yanke kimanin daƙiƙa 10 daga wata fitowa aka mayar da shi R, tambari mai sassauci. Kwafin da ke yawo a yau kashi biyu ne, wanda aka yanke da wanda ba a yanke ba, kuma labarin ɗaya ne a cikinsu.